Amanar da Hakim Ya Bari a Kunne

Wanda zai je Kawukudi ya dawo ba ya barin wasiyya, don haka Hakim bai bari ba. Abin da ya bari waya ce a kunne, a hannun ubansa.

Da hantsi ne. Baba Osumanu na zaune a benci a ƙofar gidansu na Maamobi, ya miƙe ƙafar da ke masa ciwo, yana shan koko da ƙosai. Hakim, ɗansa, mai okada, magidanci da gemu har ya cika, yana kan babur a gefe, ya duƙufa a kan waya kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Sai wata mata ta fito da ƙunshin kaya tana kiran okada. Hakim ya dubi matar, ya dubi waya, ya ja tsaki irin na wanda aka tasa daga kan tuwo.

"Baba, riƙe min. In na sa a aljihu zai kulle, in ya kulle komai ya tafi. Kar ka taɓa maɓallin gefe. In caji ya yi ƙasa ka sa masa."

"Me ke ciki, zinariya?"

"Na kai ƙofar ƙarshe, Olman!" Haka samarin unguwa ke kiran tsoho. "Duk Nima ba wanda ya taɓa kaiwa. Kawukudi kawai zan je, in na dawo in buɗe."

"Ƙato da kai, da mata a ɗaki, kana wasan yara."

Hakim ya yi dariya ya tada babur. Wannan ce maganar ƙarshe da ta shiga tsakaninsu, kuma tsohon ya sha juya ta a ransa daga baya, bai taɓa samun gefen da take da daɗi ba. Motar yashi ce ta kaɗe su, a mahaɗar Kawukudi. Matar ta tsira da karaya. Kafin la'asar an kai Hakim makwancinsa an dawo.

Da Baba Osumanu ya shiga ɗaki don ya cire rigar da ta sha ƙasa, sai ya ga haske a kan taga. Ashe kafin labari ya zo ya jona wayar a caji, yadda aka ce masa. Tana nan a kunne. A fuskarta wani ɗan mutum ne da bai fi ƙwayar wake ba, riƙe da fitila, tsaye a gaban baƙar ƙofa. Ba ya gaba, ba ya baya, sai ɗan motsi yake yi sama da ƙasa kamar mai numfashi. Tsohon ya tsaya da riga a wuya yana kallonsa. Duk abin da Hakim ya taɓa da safiyar nan ya tsaya cak: babur ya lanƙwashe, kofin shayinsa ya huce. Wannan ne kaɗai bai ji labari ba.

Abokan Hakim sun zo gaisuwa washegari. Suna da wata rumfar kwano kusa da babban gwata inda suke dafa shayin ataya, irin wadda samarin Zongo ke kira bes. Tasu sun raɗa mata Toronto, ko da yake babu wanda ya taɓa wuce Aflao, bakin iyaka, a cikinsu. Manyan bes ɗin biyu ne: Mujeeb, mai gyaran waya a Circle, siriri mai magana a hankali, da Jalilu, mai gwanjo a Tudu, wanda muryarsa ke riga shi shiga gida. Sun zauna a tabarma, sun yi addu'a, sun sunkuyar da kai yadda ya kamata. Sai idon Jalilu ya faɗa kan taga.

"Cale! Ƙofar ƙarshe!" Ya miƙe tsaye, sannan ya tuna inda yake. "Astagfirullah. Baba, ka yi haƙuri. Amma wallahi ƙofar ƙarshe ne. Ya faɗa mana muka ce ƙarya yake."

Daga bakinsu tsohon ya ji ko mene ne. Sunan wasan na Turanci dogo ne, su Rami suke ce masa. Ba wani babban kamfani ya yi shi ba, wai wasu mutum biyu ne, wa da ƙanwa, a wata ƙasa mai sanyi, suka ƙera shi a ɗakinsu. Ɗan fitilan nan rami yake sauka, hawa bayan hawa. A kowace ƙofa akwai dodo da lamba a ƙirji. Kai kuma kati ne a hannunka, wasu lambobi, wasu alamomin lissafi, na ƙari da na ragi da na sau. Sai ka haɗa kati ka doki dodo, lambarsa ta ragu, har ka kai ta sifiri daidai. In ka zarce, dukan ya dawo kanka. In ka yi jinkiri, ya doke ka.

"In ka mutu fa?"

"Ka koma sama, Baba," in ji Mujeeb. "Daga farko. Kuma ramin ya canja, ƙofofi su canja, kati su canja. Ba ka taɓa shiga rami ɗaya sau biyu."

"Ba a ajiye maka inda ka tsaya?"

"Ba a ajiyewa. Da gangan suka yi."

"To ina daɗin?"

Jalilu ya buɗe hannuwa kamar an tambaye shi ina daɗin nama. "Daɗin ke nan, Olman!"

Baba Osumanu ya ga duniya daidai gwargwado. Kakansa ɗan sandan Turawa ne, shi kuwa bai wuce aji uku ba ya bi mota. Ya yi yaron mota, ya yi direba, ya sha hanyar Lome da Bawku da Yamai, ya zauna Legas har aka kore su da jakunkuna a ka, ya ƙare yana lodi a tashar Tudu sai da gwiwa ta ce ya isa. Ya ga masu caca, ya ga masu loto, ya ga masu dara da ke manta sallah. Amma mutanen da ke murnar a kwashe musu duk abin da suka tara a ce su sake, bai taɓa gani ba sai waɗannan.

Mujeeb ya duƙa a kan wayar, hannuwansa a baya, ya yi mata kallon likita. Ya ce wayar mai araha ce, kanta ƙarami: in aka fita daga wasan ko da ƙiftawar ido, ko aka bari ta kulle, ɗan fitila ya tafi. Kuma in ta kulle ta kulle ke nan, don zanen da Hakim ke buɗe ta da shi ya tafi da shi kabari. Ya roƙi izini, ya jawo labulen saman gilashin wayar da ɗan yatsa ɗaya, ya toshe kira don kada wani wanda bai ji rasuwar ba ya bugo ya ɓata komai, ya rage haske, ya kashe ɗan kiɗan da take yi. Daga nan tsohon ya ce ya isa. Ba wanda ya ƙara taɓa ta.

"Baba, ka bari mu buɗe masa ƙofan," in ji Jalilu. "Don shi."

"Riƙe min ya ce. Bai ce ba Jalilu ba."

Haka aka fara. Riƙon waya a kunne ba aiki ba ne a baki, amma a Maamobi, inda wuta ke zuwa da tafiya kamar baƙon da ba ya sallama, aiki ne na mai jego. Bakin cajin ya lalace tun Hakim na da rai, sai an ɗaure igiyar da roba an karkata ta gefe kafin ta sha. Mujeeb ya aro masa fawabank, ɗan akwatin ajiyar caji. Tsohon ya samo kwandon roba na wanke kayan miya, ya shimfiɗa hankici, ya kwantar da waya da fawabank a ciki, don aljihu ba abin yarda ba ne. Da kwandon yake zuwa masallaci, ya ajiye shi gaban sahu kusa da takalma. Da shi yake zuwa gidan wanka na haya. In dumso ta daɗe, wato in an ɗauke wuta an manta da mutane, sai ya ja ƙafa har shagon mai aski mai janareta, ya zauna yana shaƙar hayaƙi har fawabank ta cika. Barci kuwa sai gutsure-gutsure. Da ya rufe ido sai ya ga jan layin batir, ya zabura.

Unguwa ba ta rasa abin faɗi. Hajiya mai waakye, wato shinkafa da wake, ta ce, "Baba Osumanu, kazarka ba ta ƙyanƙyashe ba har yanzu?" Ya ce, "Ke dai zuba min wake, ki bar kaza." Wasu suka ce mutuwar ɗa ta taɓa masa kai. Bai musa ba. Shi dai abin da ya sani, a tashar Tudu in fasinja ya ce riƙe min jaka ina zuwa, ko mota ta cika ta tashi, jakar nan tana wuyanka har mai ita ya dawo. Ba a buɗe ta, ba a ba wani. Da wannan ya ci abinci shekara da shekaru, ba da ƙarfi ko ilimi ba.

A Toronto kuwa wuta ta kama. Sun ɗauki hoton fuskar wayar da nasu wayoyin, daga nesa, suna ta muhawara. Dodon ƙofar ƙarshe tamanin da huɗu ne a ƙirjinsa. Katin Hakim tara, bakwai, uku, biyar, da alamar sau guda. Duka biyu kawai ake bayarwa a wannan ƙofa, kuma rai ɗaya ya rage wa ɗan fitila. Mujeeb ya ce tara sau bakwai, sittin da uku, saura ashirin da ɗaya, sai a jira abin da rami zai bayar. Jalilu ya ce hauka ne, bakwai sau uku za a fara, a ɓoye tara don duka na biyu. Bes ta rabu biyu. Mutanen da suka gudu daga makaranta saboda lissafi, ga su suna zana lambobi da gawayi a jikin kwano, ataya na ƙonewa. Kullum da yamma sai an turo wani ya leƙo ko ɗan fitila na nan, kamar masu dubiya a asibiti.

Mutum ɗaya ce ba ta ce komai ba, ita ce Nasira, matar Hakim. Tana takaba a ɗakinsu, ƙofa na kallon ƙofar tsohon. Shekararsu biyu da aure, Allah bai ba su haihuwa ba, kuma har yanzu Amarya yake kiranta. Ita ke dafa masa abinci, ita ke cewa, "Baba, an kawo wuta," in ya yi gyangyaɗi. Sai wata rana da azahar, ta ajiye masa tuwo, ba ta tafi ba. Ta durƙusa a bakin ƙofa tana murza bakin mayafi.

"Amarya, lafiya?"

"Baba, hotunanmu na ciki. Na biki, da na Sallah, da wanda muka je bakin teku. Wayata yam ce, ka sani, ba ta hoto." Yam suke ce wa ƙaramar waya mai maɓallai. "Kullum ina ce masa ya kai a wanke mana, yana cewa gobe."

"Suna nan, ba inda za su."

"Jiya na so in tuna yadda bakinsa yake in yana dariya. Na kasa. Gemun nake gani, bakin ya ƙi zuwa."

Tsohon ya dubi kwando. "Ki ƙara haƙuri, 'yata."

"To, Baba," ta ce, ta tashi. Da ta yi masa tsiwa da ya fi masa sauƙi.

Ya tambayi Mujeeb ko za a iya zuƙo hotunan ta igiya ba tare da an taɓa wasan ba. Mujeeb ya ce da bakin cajin na da lafiya da an yi, amma wannan wuta kawai yake sha, ba ya ba da komai. Hanya ɗaya ce: a fita daga wasan, a tura hotunan zuwa wata wayar. Wato ko ɗan fitila, ko hotuna.

Ya kai maganar gun liman bayan sallar la'asar, da kwandonsa a cinya. Liman sa'ansa ne, tare suka yi ƙwallo a bakin gwata.

"Amana in mai ita ya rasu, magada ake ba," in ji liman.

"Su wa ne magadan?"

"Kai da matarsa."

"To na ba kaina, na karɓa."

"Rubu'i nata ne, Osumanu."

"Yaya ake yanka rubu'in waya?"

"Kai ka yi lodi a Tudu, ba ni ba. Ka san yadda ake sa kayan mutum biyu a buhu ɗaya." Liman ya leƙa kwandon, ya daɗe yana kallo. "Wannan ɗan abin ba Hakim ba ne, ka sani ko?"

"Na sani. Ni ba yaro ba ne."

Ya sani ɗin. Amma sani daban, ɗaga yatsa daban.

Ana gobe addu'ar arba'in, Mujeeb ya zo kawo kujerun roba, ya leƙa kwandon kamar kullum, sai fuskarsa ta canja. Ya ce tsohon ya dubi wayar ta gefe. Bayanta ya ɗago, ya rabu da jiki, har ana ganin wani abu fari a ciki kamar burodin da ya tashi.

"Batir ya kumbura, Baba. Ba a yi shi don ya kwana ya wuni a wuta haka ba. Zai iya kai jibi, zai iya mutuwa kafin magariba. In ya mutu, ba wasa, ba hoto. Ko ni ba abin da zan iya."

"A canja batir."

"Sai an kashe wayan."

Baba Osumanu ya janyo kwandon kusa da shi. Gajiya ce ta sauko masa gaba ɗaya, irin wadda ke kama direba ba a kan hanya ba, sai ya hango garin.

An yi addu'a da safe. An kafa rumfa a lungu, malamai sun yi karatu, an raba shinkafa da goro da ruwan leda, mata sun cika tsakar gida. Kafin azahar jama'a ta watse, saura 'yan Toronto da ke tattara kujeru, suna tattarawa a hankali kamar masu jiran wani abu. Tsohon na kan bencinsa da kwando. Ya kai bayan hannu kusa da wayar, ya ji zafinta kamar goshin mai zazzaɓi. Ya ɗaga kai, ya ga Nasira a bakin ƙofarta, ba ta kallonsa, tana kallon kwandon.

"Jalilu. Mujeeb. Ku zo ku nuna min inda ake dannawa."

Kujeru suka zube. Kafin ya gyara zama an kewaye shi, kai bisa kai, har sun tare masa iska.

"Ba wanda zai taɓa. Ni aka ba. Ku faɗa, in danna."

"Bakwai sau uku, Baba!"

"Kar ka ji ta Jalilu, tara sau bakwai!"

"Kai da ka faɗi jarrabawa sau biyu!"

"Kai ka ma shiga ajin?"

Tsohon ya bar su suka yi ta yi, sannan ya ce, "In na bi Mujeeb, me nake jira?"

"Bakwai."

"In na bi Jalilu?"

Wani daga baya ya ce, "Bakwai."

"Ashe duk fasinja ɗaya kuke jira, kuka hana unguwa barci. To a mota babban kaya ake fara ɗorawa."

Ya sa yatsansa mai kauri, wanda sitiyari ya busar, ya taɓa tara, ya taɓa sau, ya taɓa bakwai. Ɗan fitila, wanda ya yi kwana arba'in a tsaye, ya ɗaga fitilarsa ya kai duka. Tsohon bai shirya wa wannan ba. Ganin abin ya motsa sai da ya ɗauke yatsa. Lambar dodo ta sauko ashirin da ɗaya. Sabbin kati uku suka faɗo: shida, alamar sau, alamar ƙari.

"Ba bakwai," in ji Mujeeb, muryarsa ta mutu. "Shi ke nan."

"Na faɗa! Na faɗa muku!" Jalilu ya ɗora hannu a ka yana zagaye. "Shida! Me za a yi da shida? Ga wannan banzan biyar ɗin tun farko yana..." Ya tsaya. Leɓɓansa na motsi. Ya dawo da gudu har ya ture wani. "Uku sau biyar! Sha biyar! Sa shida! Baba, uku, sau, biyar, ƙari, shida! Wallahi! Wallahi tallahi!"

"Kar ka tofa min yawu a kunne."

Ya danna su ɗaya bayan ɗaya, suna kirga masa da baki kamar masu jan salati. Dodo ya tsage biyu ya zube. Baƙar ƙofa ta buɗe.

Ihun da aka yi, sai da matan da ke wanke tukwane suka fito da kumfa a hannu. Ƙattai masu 'ya'ya suna rungumar juna, ɗaya na buga kujera, Jalilu na kuka da majina yana kiran sunan Hakim, yana cewa, "Ka gani, ɗan banza? Ka gani?" A gidan da aka gama addu'a yanzu-yanzu. Baba Osumanu ya so ya tsawatar, sai ya ga ba shi da ƙarfi, kuma ba shi da niyya.

Ɗan fitila ya taka da kansa ya shige. Bayan ƙofar ba duhu ba ne kamar sauran ramin. Wani fili ne shuɗi, lambobi na yawo a sama kamar kifi a ruwa, ga ƙofofi birjik, ga wani abu babba can nesa yana juyi. Ba wanda ya taɓa ganin wannan a Nima ko Maamobi.

"Hawan ƙarshe," in ji Mujeeb a hankali. "Baba, rabin awa. In Allah ya so, rabin awa mu gama."

"Wayar za ta kai?"

Mujeeb ya dubi bayan da ya ɗago, ya dubi ƙasa. Mutumin kirki ne, bai iya ƙarya ba. "Wasa na ƙara masa zafi."

"Za ta kai ko ba za ta kai ba?"

"Allah ne ya sani."

"Baba, don girman Allah," in ji Jalilu, ya durƙusa har ƙasa. "Ba za mu sake ganin wannan ba. Hakim ya yi shekara yana neman wurin nan."

Tsohon ya bar su suka kalla. Shi ma ya kalla, don wurin na da kyau, ba ƙarya. Ɗan fitila na tsaye cikin shuɗin nan, ya wuce ƙofar, ba ya bakinta kuma.

"Ƙofa ya ce zai buɗe in ya dawo," ya ce. "An buɗe. Mujeeb, ina ake fita?"

Sai Mujeeb ya nuna ƙasan gilashin da haɓa. Baba Osumanu ya ɗora yatsa ya share sama, yadda ake share ƙura a kan tebur. Shuɗin ya tafi. Wani ya yi salati, wani ya zagi iska. Jalilu ya zauna daɓas a ƙasa.

"Amarya. Zo ki karɓi rabonki."

Ta zo, 'yan bes suka buɗe mata hanya. Mujeeb ya ciro tasa wayar, ya buɗe ma'ajiyar hotunan Hakim don ya fara turawa. Sai ya yi wata 'yar dariya ta hanci.

"Me?" in ji tsohon.

Ya juya masa fuskar wayar. Hoto bayan hoto, abu ɗaya ne: ɗan fitila kwance, fitila ta fashe, jan rubutu a sama. Duk sanda Hakim ya mutu a wasan sai ya ɗauki hoton wurin ya ajiye. Ga su nan rututu, an ja an ja ba su ƙare ba.

"Turo mana yake yi," in ji Jalilu daga ƙasa, yana share hanci. "Ya ce, ku ga inda na kai yau. Mu zage shi. Ya sake."

"Ku bar waɗannan," in ji Nasira. "Ku ja ƙasa."

A tsakankanin mace-macen nan sauran suke. Ga biki, ga Sallah, ga bakin teku, Hakim ya naɗe wando yana gudun ruwa, baki buɗe har ana ganin haƙorin da ya gutsure. Nasira ta kai yatsa kusa da gilashin, ba ta taɓa ba. "Ga shi nan," ta ce. "Haka yake." Mujeeb na turawa, ita tana cewa wannan, da wannan, da wancan. Can sai ga wani: Baba Osumanu a kan wannan benci, baki sake, yana barci da kofin koko a ciki, Hakim ya kanga fuskarsa kusa da tasa yana gwalo.

"Mara kunya," in ji tsohon. "Tura wannan ma."

Sun samu na biki duka, da na teku, da rabin na Sallah. Ana cikin sauran, fuskar wayar ta yi fari, ta yi baƙi. Mujeeb ya danna gefe, ya jijjiga igiya, ya hura bakin caji. Sannan ya zare igiyar ya naɗe ta a hannu.

"Gobe zan kai a wanke miki su a Circle," ya ce wa Nasira. "Goben gaske."

'Yan Toronto suka koma kan kujeru. Ba su yi nisa ba aka ji Mujeeb na cewa da an bi ta Jalilu da yanzu ana makoki biyu, Jalilu na cewa wa ya ga uku sau biyar, kai ko ni. Kafin su kai bakin lungu wani ya riga ya ciro waya ya fara sabon rami daga sama.

Baba Osumanu ya zazzage hankicin, ya miƙa wa Nasira kwandon ya ce ta mayar da shi wurin kayan miya. Aka ɗauke wuta, ya ji fankar maƙwabta ta tsaya, gabansa ya faɗi don sabo, har ya fara laluben takalmi. Sannan ya tuna. Ya mayar da ƙafar kan benci, ya jingina da bango, ya ja hula ya rufe ido. Da ladan ya kira azahar, Nasira ta leƙo za ta tashe shi, ta tsaya ta dube shi, ta koma ta sa wa tuwonsa murfi.